Kawu Haidoro da Man Juye

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Umaru a Gummi ya san abin da ke biyo baya: sai ya nemi tsumma. Hannun nan nasa bai taɓa rabuwa da maiƙo ba. Ba ƙazanta ba ce, mutum ne mai wanka sau biyu a rana. Hali ne kawai. Da ya ga mai, ko wane iri ne, sai ya dangwala da ɗan yatsa, ya murza, ya ɗaga wa rana, ya kanne ido ɗaya, sannan ya shinshina. Man inji, man gyaɗa, man shanu, man kitso, duk ɗaya ne a wurinsa. Ranar sunan ɗiyata ta fari, a gaban baƙi, ya tsoma yatsa cikin miyar da aka kai wa maza, ya murza, ya ce, "Wanga man ya sha wuta sau biyu." Kuma abin haushi, gaskiyarsa! Ragowar man tuyar ƙosai ne muka yi amfani da shi.

Ƙanin Innarmu ne. Ya yi shekaru masu yawa yana aiki a matatar mai, a sashen da ake yin man da ake zuba wa inji. Da ya yi ritaya ya dawo gida da tsohon babur, da akwatin ƙarfe, da wata kalma guda da ba ta fita bakinsa: haidurojin. Mutanen gari suka yi ta fama da ita, harshe ya ƙi, sai suka gutsure ta suka ce Haidoro. Kafin shekara ta zagayo sunan ya bi shi. Har katin ɗaurin aure na gani an rubuta "Alhaji Umaru Haidoro," wai su a zatonsu sunan kakanmu ne.

Kun tuna abin da ya fi tsana? A ce "baƙin mai" a gabansa. Ko yana tsakiyar cin tuwo ne ya ji ɗan acaɓa ya ce a ba shi baƙin mai, sai ya ajiye lomar.

"Kai, zo nan! Mi kac ce?"

"Baƙin mai, Baba."

"Buɗe galan ɗin ka duba. Baƙi na?"

"A'a, kamar zuma yake."

"To, garau munka aiko muku shi. Ku kunka baƙanta shi, kuma kunka laƙa mai suna! Man juye za ka ce."

Wata rana da hantsi ya shigo gidanmu ya tarar Inna na dafa wake, ni kuma ina tsince mata shinkafa. Tsautsayi ya sa na tambaye shi wai me ainihi suke yi a matatar. Inna ta harare ni, amma ina, ya riga ya jawo kujera.

"Saurara, ɗiyata. Ɗanyen mai in an dafa shi, marasa nauyi su za su fara tashi: fetur, kananzir, dizal. Sai a bar wani a ƙasa, mai nauyi, mai kauri awa maɗi, ga wari. Kowa na ganinai shi ce shara ta. Mu kuwa shi muke jira. Mu tura shi cikin wata tukunyar ƙarfe da ta fi hasumiyar masallacin Juma'a tsawo, mu ɗura mai iskar haidurojin, mu matse shi tamau, mu ba shi wuta. Cikin tukunyar akwai wasu 'yan tsakuwa awa gutsuren taliya, su ake kira katalis. Man na bi ta kansu, haidurojin ta cafke farar wutar da ke sa shi wari ta fice da ita. A gyara kakin da ke sa shi daskarewa in an yi sanyi. Sai shi fito tas, shina sheƙi."

Inna ta ce, "Kanwa ke nan. Mu ma in wake ya ƙi nuna ita mukan jefa."

"Subhanallahi! Yaya, kada ki ɓata mani ilimi. Kanwa narkewa take, a cinye ta da waken. Katalis ba ya narkewa, ba ya bin man. Shi dai shina zaune wuri guda, shi haɗa wanga da wancan, su yi ta yi, su yi ta zafi, shi kuwa ko gezau."

Inna ta ajiye ludayi ta tafa hannu. "Af! To da ka ce mani kai na, ai da na gane tun ɗazu. Ba kai ka haɗa limaminmu da ladan gardama kan agogo ba, ka koma gefe kana cin goro?"

Bai ji haushi ba, wallahi. Sati guda yana bin majalisa yana cewa, "Yayata ta fi injiniyoyi da yawa fahimta."

Sai dai zumuncin nasu ya kusa tsinkewa a kan ƙyaure. Kawu ba ya iya jin ƙarfe na kuka ya wuce. Yana da wani ɗan gwangwani mai dogon baki a aljihu, duk inda ya ji "ƙiii" sai ya bi sawu. Amalanke, keken ɗinki, ƙofar shagon mutane, ba ya ko neman izini. Ita kuwa Inna tana da ƙyauren langa-langa tsakanin garken awaki da tsakar gida, mai kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ashe wannan kukan shi ne maigadinta. Da ta ji shi ta san baƙar akuyar nan mai wayo ta turo kai.

Rannan ta shanya barzajjiyar masara ta shiga ɗaki sallar azahar. Kawu ya zo, ya ji kuka, ya ɗiga mai, ya gwada ƙyaure sau uku, ya yi murmushi, ya tafi abinsa. Akuya ta shigo shiru kamar sabuwar amarya, ta kira 'yan'uwanta. Ko da Inna ta sallame, tabarma kaɗai ta rage, ita ma sun fara cin gefenta.

Har gida ta bi shi. "Umaru, ka mayar mani da kukana!"

"Yaya, wane kuka?"

"Na ƙyaurena! Yadda ka ɗauke shi haka za ka maido shi."

Haka ya zo ya durƙusa yana wanke maƙalar ƙyauren da kananzir, yana cusa mata yashi, yana ƙunƙuni. Ba masarar ce ta dame shi ba. "Ɗigo uku," yake ta faɗi. "Ɗigo uku na man ƙwarai, na zuba ma akuya."

Ai kun san shi da tsimi. Galan ɗin da kowa ya jefar a matsayin fanko, shi sai ya kife shi kan kwalba kwana biyu, har ɗigon ƙarshe ya sauko. Ka roƙe shi rigar jikinsa ya cire ya ba ka, amma ka roƙi mai cokali ɗaya, sai ya tambaye ka sunan injin, da shekarunsa, da wanda ya yi masa juye na baya.

Shi ya sa abin da ya faru a fadama har yau nake jinjina shi. Maigidana yana noman shinkafa na rani, kuma duk abincin gidanmu na shekara a kan injin ban-ruwa guda ɗaya ya rataya. Wata ranar kasuwa wani baƙo ya zo da mota cike da galan-galan masu kyan kwali, wai sabon man juye ne mai araha. Manoma suka yi rububi, maigidana ma ya ɗauko, ya zuba wa injinsa. Washegari da safe Kawu ya biyo gaishe ni, ya ga galan ɗin a zaure, ya dangwali abin da ya rage. Sai na ga fuskarsa ta canza.

"Ina Malam?"

"Ya tafi fadama, yau zai yi ban-ruwa."

"Ɗauko mayafinki ki hau ki nuna mani gonar. Maza!"

Ban taɓa sanin babur ɗin nan na gudu ba sai ran nan. Muka iso maigidana ya naɗe igiya zai ja ke nan. Kawu bai yi sallama ba, bai yi komai ba, ya tattare babbar riga ya zauna daram a kan injin.

Ga surukuta, ga kunya. Maigidana ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce a hankali, "Baba, ko za a ɗan gusa? Shinkafar na jin ƙishirwa."

"Ba ni gusawa."

"Yau kwana uku ba ta sha ba."

"Ta yi na huɗu. Shinkafa ta iya azumi, inji bai iya ba."

Maƙwabtan gona suka taru suna dariya. Kawu ya ce a ba shi farar takarda. Aka samo, ya ɗiga man a kai. Maimakon ya baje fes, sai ya bar baƙin tabo a tsakiya da ɗan tsaki-tsaki. Ya sa aka ɗora murfin kwano a kan wutar da suke dafa shayi, ya sake ɗigawa. Sai ji muka yi tas, tas, tas!

"Kun ji? Man ƙwarai ba ya surutu. Ruwa na cikinai. Wanga tsohon mai na da anka juye daga motoci, anka tace da tsumma, anka zuba cikin sabon galan."

Maigidana, Allah sarki, yana son ya kare kansa, sai ya ce, "To Baba, ai shi ma an tace shi ke nan."

Wayyo! Da ma bai faɗa ba. Kawu ya miƙe tsaye, ya tuna, ya koma ya zauna da sauri. "Tacewa? Ni da na ƙare ƙuruciyata gaban tukunya, da haidurojin, da katalis, ka haɗa ni da mai tsumma?"

Sai da rana ta take sannan maigidana ya sallama. Kawu ya koma gida, ya buɗe akwatin ƙarfen nan da ko 'ya'yansa ba su taɓa ganin cikinsa ba, ya ɗauko galan guda cur, ko hatimi ba a ɓalle ba. Da hannunsa ya wanke cikin injin, ya zuba, yana kau da kai kamar mai aurar da ɗiya.

Ba a yi sati biyu ba injunan masu dariya suka fara bugawa ɗaya bayan ɗaya, daidai lokacin da shinkafa ke fid da kai. Baƙo kuwa ko ƙurarsa. Namu ne ya yi ta zagaya gonaki har aka girbe, Kawu na biye da shi a babur kamar dogari. Duk wanda za a ara wa sai ya ci jarrabawa.

"Mi ake zuba mai?"

"Man juye, Baba."

"Ba baƙin mai ba?"

"Har abada, Baba!"

Da tsufa ya kama shi, gwiwoyi suka ƙi, muka kai shi asibiti. Likita ya duba hoton ya ce, "Baba, ruwan da ke tsakanin gaɓoɓin ne ya ragu, ƙashi na gogar ƙashi." Mu duk jikinmu ya yi sanyi. Shi kuwa sai fara'a.

"Na faɗa muku! Juye nike buƙata. Likita, lamba nawa kuke zubawa, arba'in ko hamsin? Kuma don Allah kada a sa mani na kasuwa."

Bara da damina ya rasu, bayan 'yar jinya ta kwana biyar. Ranar uku muna zaune a tsakar gida sai ga wasu mata sun yi sallama, ƙafafunsu duk laka. Daga Gwashi da Adabka suke, babu wadda muka sani a cikinsu. Babbarsu ta ce zawarawa ne da tsofaffi masu injin niƙa. Ashe duk tafiyar nan da yake yi bayan girbi, yana ce mana zai je gaishe da abokai, wurinsu yake zuwa. Ya kwance inji, ya wanke, ya zuba mai daga nasa, bai taɓa karɓar komai ba sai fura.

"Sai faɗa," in ji ta, tana share ido tana dariya. "Faɗa kam mun sha shi kyauta. Amma da injin nan na ciyar da marayuna biyar."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe a haka.

Allah Ya jiƙan Kawu Umaru, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa. Yadda ya rufa wa bayinKa asiri ba wanda ya sani, ya Allah Ka rufa masa nasa. Amin.