Ranar da Kaka Ta Wanke Kura

Ku matso kusa, ku gyara zama, in ba ku wani labari da har yau ban gama yarda da shi ba.

Shekarar da aka cire mu daga Sakkwato aka ce mun zama 'yan Kebbi, muna zaune a wani ƙauye na bakin ruwa, kusa da Warra. Da an yi sallar isha'i, kakarmu, mahaifiyar Baba, takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, mu kewaye ta. Ita fa ba ta yin tatsuniya a banza. Duk abin da ya faru a gidan da rana sai kun ji shi a bakin wuta, an sa masa ƙaho da wutsiya.

Innarmu na da wata jar akuya ta kiwo. Mai akuyar ita ce Gwaggo Lami, ƙanwar Baba, mai sayar da bandar kifi a Warra. Ka'idar kiwon kuwa, haihuwar fari ta Inna ce, ta biyu ta mai akuya, ko da ta farin ba ta rayu ba. Inna ta sha wahalar dabbar nan, daga harawa sai dusa da kanwa. Ran nan da hantsi akuya ta yi haihuwar fari, mace, santaleliya.

Uwar ba ta ko fara lasarta ba sai ga Gwaggo Lami ta sauko daga jirgin ruwa. Ta yi guɗa, ta sunkuci jinjirar, ta goge ta tas da gefen zanenta mai ƙaurin banda, ta ajiye. Shi ke nan. Da 'yar ta matso neman nono sai uwar ta shinshina, ta kai mata tunkuyi. Har Gwaggo ta koma, har rana ta faɗi, ko ɗigon dakashi bai shiga cikinta ba. Kukanta ma ya koma kamar na mage.

Na ji Inna tana daka tana magana ƙasa-ƙasa: "Wadda tat tashi cikin awaki ba ta san ba a taɓa ɗa kafin uwa ta lashe shi ba? Ta ga mace ce, shi ya sa."

Kaka ma ta ji. Kunnenta ba ya tsufa.

Da muka taru ta ce, "To ga ta nan tafe, ku ba ta wuri. Ke Hajo, ƙawata mai bakin aku, rufe shi." Ni ke nan.

Wai Akuya ce ta aiki ɗiyarta ɗebo wuta gidan Kura. Kura ta ga yarinya na rawar sanyi, tausayi ya kama ta, ta lulluɓe ta da bargonta, ta ba ta garwashi. Da ɗiya ta dawo ta yi sallama, Akuya ta sa hanci a tsagar ƙofa ta ce, "Murya ta ɗiyata ce, wari na Kura. Ba ni buɗewa!" Yarinya na kuka, uwa na kuka, ƙofa a rufe. Sai wata tsohuwa ta yayyafa wa ɗiyar gishiri ta turo ta. Akuya ba ta iya ganin gishiri ta ƙyale. Tana lasa tana lasa, har ta lashe warin Kura ta iske ƙanshin ɗiyarta a ƙasa.

Kaka ba ta ma rufe tatsuniyar ba ta miƙe. "Ɗauko min gishiri, uwar Hajo."

Muka ɗunguma turke da fitila. Inna ta riƙe ƙahon akuya, Kaka ta tatso nono ta shafa wa jinjirar a ka, ta barbaɗa gishiri a gadon bayanta. Akuya ta shinshina, ta yi atishawa, ta kau da kai. Can sai ga harshe ya fito. Kafin mu ankara 'yar ta kama nono tana kaɗa wutsiya.

Inna ta yi godiya har ƙasa. Amma muna komawa ta ce, "Wato Iya, ita Kurar ba ta san abin da take yi ba?"

Kaka ta ce, "Ni yadda aka ba ni na ba ku."

'Yar akuyar nan ta rayu, ta cika mana gida da awaki. Na daɗe ina ɗaukar darasin a kan kada a yi saurin zargi. Sai da na aurar da tawa ɗiyar na lura da wani abu. A duk tatsuniyoyin Kaka, Kura muguwa ce, maƙaryaciya. Sau ɗaya tak ta zama mai tausayi, a ranar da ake zargin ɗiyar Kaka ta cikinta.

To ku gaya mini, da can haka tatsuniyar take, ko kuwa a wurin tsohuwar nan ta ɗinka wa Kura bargo don ta rufa wa Gwaggo Lami asiri?