Guɗa a Ƙasa, Kuka a Sama

Ko da zan manta komai na zaman da na yi a Madina, ban jin zan manta wata la'asariya a kan matakalar gidan da muka yi haya a unguwar Bani Harisa. Shekaru sun ja, na dawo Katsina, 'ya'yan da na goya a can duk sun fi ni tsawo, amma abin yana nan a idona kamar jiya.

Lokacin maigidana yana karatun digiri na biyu a jami'a, muna zaune a hawan tsakiya na wani tsohon bene. Ƙofarmu tana kallon ta mai gidan, wata dattijuwa da kowa ke kira Hajja. 'Yar ƙasar Saudiyya ce, amma kakanta daga ƙasar Hausa ya taso da ƙafa ya zo aikin Hajji, bai koma ba. Hausarta rabi da rabi ce, ta fara magana da Hausa ta ƙarasa da Larabci. Jikokinta kuwa suna ji sarai, amma ko za ka mutu da Larabci za su amsa maka.

Sama da mu akwai iyali 'yan Indiya, ƙasa da mu ma haka, dukansu Musulmi. Ni da maigidana muna kiran matan Ta Sama da Ta Ƙasa. Ta Sama mace ce mai tsabta da karamci, ita ta kwana da ni a asibiti da na haifi ɗana na biyu. Ta Ƙasa kuwa 'yar raha ce, ita ta koya mini hawa motar haya zuwa Harami da yadda ake ciniki a shagunan Anbariyya. Da guntun Larabcinmu muke hira, inda ya gaza mu cike da hannu da dariya. Ban da uwa ban da 'yar'uwa a garin, su ne suka zame mini dangi.

Na daɗe ban gane akwai wani abu a tsakaninsu ba. Suna gaisawa, suna tambayar lafiyar yara. Sai dai na lura Ta Sama ba ta taɓa cin abincin Ta Ƙasa a gabana ba, kullum da uzurinta, yau azumi, gobe ciwon ciki. Hajja ce ta warware mini.

"Ya binti, 'yata, a ƙasarsu ana haihuwar mutum da matsayinsa," in ji ta. "Waccan ta sama jikar malamai ce masu gonaki. Ta ƙasa kuwa danginta masu wankau ne, tun kaka da kakanni. Sun tsallako teku, amma abin ya biyo su."

Kowaccensu tana da babban ɗa. Ta Sama tana da saurayi mai kunya, wanda ba ya haɗuwa da ni a matakala bai karɓar mini kaya ba. Ta Ƙasa tana da budurwa siririya, kullum da littafi a hannu. Makaranta ɗaya suka yi a Madina, kuma shekara ɗaya suka tafi Indiya suka rubuta jarrabawar shiga karatun likita. Shi ya dawo wajen iyayensa jiran sakamako, ita ta zauna can wurin kakarta.

Ranar da sakamako ya fito, ina wanke-wanke na ji ihu daga ƙasa. Na sauka a guje na zaci wani abu ya faru, sai na tarar da Ta Ƙasa durƙushe a tsakar ɗaki tana kuka tana dariya. Yarinyarta ta samu gurbi. Na rungume ta, na rangaɗa guɗa irin ta gida, har Hajja ta leƙo tana cewa, "Mabruk, mabruk, alf mabruk!" A lokacin ban san cewa a saman kanmu gida ya yi tsit kamar an yi rasuwa ba. Yaron bai samu ba, alhali makinsa ya fi nata. Gwamnatinsu tana ware wani kaso na guraben karatu ga dangin da aka daɗe ana dannewa, ta wannan ƙofa yarinyar ta shiga. Shi kuma babu wata ƙofa da aka ware masa.

Bayan la'asar Ta Ƙasa ta gama biriyani, dafa-dukan shinkafa irin ta ƙasarsu, ƙamshi ya cika benen. Ta kawo mini faranti, ta kai wa Hajja, sannan ta ɗauki na uku ta nufi sama. Har yau ban sani ba ko ta ji labarin yaron kafin ta hau. Ina tsaye a bakin ƙofata na ji an buɗe ta sama, na ji muryoyi suna tashi cikin yarensu. Can sai ga Ta Ƙasa tana saukowa da baya da baya, farantin yana hannunta, Ta Sama na biye da ita, idanunta sun yi jawur. Da suka iso hawanmu suka gan ni, sai suka juya harshe zuwa Larabci, kowacce tana so in ji.

"Uhti, 'yar'uwa, ki faɗa mini don Allah," in ji Ta Sama. "Ɗana ya fi 'yarta maki. Kin sha ganinsa, ko Idi ba ya ajiye littafi. An ɗauki kujerarsa an ba wata, kuma a kawo mini shinkafa in ci? Me ya yi wa wani? Wa ya zalunta?"

Ta Ƙasa ta ajiye farantin a kan matakala. Ban taɓa jin muryarta ta yi sanyi haka ba.

"Ubana ya je makaranta," ta ce. "A bakin ƙofa ake zaunar da shi, a ƙasa, sauran yara suna kan benci. Da ya gaji ya koma rafi wajen wanki. Uwata ba ta iya rubuta sunanta ba. Ɗanki ya tashi ya tarar da littattafai a gida, da kawu likita, da uba mai duba masa lissafi. Tawa ba ta tarar da kowa ba. A duk danginmu ita ce ta farko. Shekara nawa muke jira?"

"Ai ba ɗana ne ya zaunar da ubanki a ƙasa ba!"

"Ba shi ba ne. Amma ke shekara nawa muna gida ɗaya, kin taɓa sa abincina a bakinki?"

Suka zuba mini ido su biyu, kamar ni ce alƙali. Abin da ya faɗo mini a rai ƙanena ne, wanda ya shiga kwalejin gwamnatin tarayya da makin da bai kai na yaran wasu jihohi ba, saboda ana yi wa jiharmu rangwame. Mun yanka rago mun yi walima, ban taɓa tunanin wataƙila akwai wata uwa a wani gari da take kuka ranar ba. Na kuma tuna yadda a unguwarmu ake rage murya in za a ce wane ɗan mahauta ne. Ashe abin da nake kallo a matsayin baƙon al'amari muna da irin namu.

Hajja ta fito tana dogara sanda. "Halas, ya isa! Haram alaikum, a garin Manzo?" Ta numfasa, ta juya gare ni da Hausa. "Ni a nan aka haife ni, a nan aka haifi ubana, amma a makaranta har na gama 'ya Takruniyya', wato baƙa 'yar Afirka, wasu yara ke ce mini. Na san zafin waccan. Kuma na haifi ɗa, na san zafin wannan. Kada ki ce komai, 'yar nan."

Ana cikin haka sai muka ji taku daga sama. Yaron ne, fuskarsa a kumbure. Ya wuce uwarsa, ya zauna a kan matakala, ya jawo farantin ya yi bismillah. Uwar ta kira sunansa da ƙarfi, bai waiga ba.

"Umma, tun ina ƙarami nake cin abincinta a ɓoye," ya ce. Sannan ya ɗaga kai ya dubi Ta Ƙasa, ya kira ta inna da Larabci. "Mabruk, ya hala. Ki ce mata ta yi karatu sosai, ta cancanta. Amma kada ki ce in yi murna yau. Ba zan iya ba."

Yana ci hawaye na zuba a cikin shinkafar. Ta Ƙasa ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Ta Sama ta juya ta hau, muka ji ta rufe ƙofa a hankali.

Zan so in ce daga ranar sun shirya, amma ba haka aka yi ba. Har muka baro Madina sallama ce kawai ke haɗa su. Hirar da muke yi mu uku a ɗakin Hajja bayan la'asar, da shayi da dabino, ta mutu. Sai dai in hau sama in zauna da wannan, in sauka in zauna da waccan. Yaron ya sake rubuta jarrabawar bai samu ba, daga baya na ji ya karanta haɗa magunguna. Yarinyar ta zama likita. Hajja ta rasu bayan dawowarmu, an rufe ta a Baƙi'a kamar yadda ta yi ta roƙo. Lambobin wayar matan biyu sun daina shiga, ban san inda rayuwa ta kai su ba. Wani lokacin in na idar da sallah sai in ji ina kewarsu, su duka biyun, ban iya fifita ɗaya.

Abin da na koya shi ne zaluncin da aka daɗe ana yi ba ya gyaruwa a kyauta. In an tashi gyara, sau da yawa wanda bai yi laifin ba ne yake ɗaukar nauyin, in kuma aka ƙi gyarawa, wasu za su ci gaba da ɗauka har jikokinsu. Har yanzu ina ganin daidai ne a buɗe wa waɗanda aka rufe wa ƙofa. Amma tun daga ranar, duk sanda na je taya wata uwa murnar ɗanta ya samu gurbi, sai na tambaya ko akwai gidan da ya kamata in biya in yi jaje.