Farantin Fanka da Matashin Kawu

Muna sallame sallar asuba muka bar Likoro, ni da wani abokina a kan babur, kwamfutar cinya a jaka. Kurmin Kogi muka nufa, wurin Kawu, yayan mahaifiyata. Ya tsufa, idanunsa sun tafi, ya aiko cewa in zo in rubuta sunayen malaman da karatun gidansu ya biyo ta hannunsu. Babu mai wannan jerin a ka sai shi. Matsalar ita ce kwamfutata: in ta yi rabin awa tana aiki sai ta ɗau zafi kamar kaskon masa, ta mutu.

Hantsi ya same mu a Makarfi. Rake jibge a bakin titi, muka karya da ƙosai da kunu, man babur kuwa ya ƙara kuɗi, abin sai haƙuri. A wani shagon kayan waya na nemi farantin nan mai fanka da ake ɗora kwamfuta a kai don ta huce. Mai shagon ya zube min iri uku. Ɗaya fanka guda ce babba. Ɗaya ƙanana biyar da shuɗiyar fitila kamar motar amarya. Na ukun ragar ƙarfe ce zalla da ƙafafu, babu fanka, amma wai shi ma yana sanyayawa. Ya tambaye ni ta ina kwamfutata take shaƙar iska, ta ƙasa ko ta gefe. Shekara huɗu ina tare da ita, wallahi ban san tana shaƙa ba. Ya ce mai biyar ya fi sanyi amma daga batirin kwamfutar yake shan caji, ga shi ƙauyen Kawu wuta ba ta zama. Kaina ya ɗaure, na ɗauki mai fanka guda don kawai mu tafi. Ya ja min kunne cewa kada in ajiye shi a kan abu mai laushi, don ta ƙasa yake jan iska.

Daga Ikara hanya ta koma ramuka, muna kauce wa masu kwandunan tumatir. Bayan azahar muka isa. Gaisuwa kaɗai ta ci lokaci, aka kawo fura, sannan na buɗe ƙafafun farantin a kan daɓen zaure, na jona igiyarsa, fanka ta soma juyawa.

Kawu ya ji ƙarar ya tambaya ina na ajiye abin. Na ce a ƙasa. Sai ya zaro matashin da yake jingina da shi ya miƙo min.

"Sunayen malamaina ba sa zama a ƙasa," in ji shi.

To, wa zai mayar wa Kawu matashinsa? Na ɗora, ina kallo ƙafafun suka nutse cikin auduga. Fanka na juyawa, iska babu. Ya lumshe ido ya fara, kowane suna da garinsu da littattafan da ya karantar. A kan suna na tara allon kwamfutar ya yi baƙi. Kunya ta hana ni katse shi, na ci gaba da danna madannai a banza har ya shafa addu'a, muryarsa ta dushe don gajiya.

"Ka kama duka ko?"

"Na kama, Kawu."

Mun iso gida bayan isha'i, ko tsayawa cin tsire ba mu yi ba. Na kunna ta, sunaye takwas na tarar. Na koyi cewa farantin nan yana son wuri mai tauri, wannan kam na gane. Abin da har yanzu ban gane ba shi ne yadda zan koma in durƙusa in gaya wa Kawu ƙarya na yi masa, alhali da za mu taho ya ce yau ya sauke nauyin da ya fi damunsa.