Sarƙar jirgin Kyaftin

Abubuwa da yawa sun zube mini daga kai tun da Baban Ladi ya rasu, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo mana sarƙar jirgin ruwa a maƙera ba. Ban yi makaranta ba, Malama Rifkatu ta zumuntar mata ce ke rubuta mini wannan saboda ku masu ƙira da walda na yanzu. Idan kun ga magana ta yanke, kuka ne ya tare ni.

Mijina Bitrus, wato Baban Ladi, maƙeri ne a bakin kasuwar Kafanchan, ni ce mai yi masa zuga. Shekara ashirin da shida ina riƙe da zugazugi. Garma da lauje muke yi wa manoman Kagoma da Madakiya, sai ƙugiyar ciro guga idan ya faɗa rijiya.

A shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama, wani babban ma'aikaci ya sayi ƙaramin jirgin ruwa a hannun Baturen da zai koma gida. Jirgin ba shi da inji, zane ake ɗaga masa a kan doguwar sanda iska ta tura shi. Ya sa shi a wani tsohon ramin kuza da ya cika ya zama tafki. Daga ranar ya sayi farar hula, ya ce a riƙa kiransa Kyaftin. Mutumin ya ga teku sau ɗaya, ta tagar mota a Legas, saboda haka babu wanda ya isa ya yi masa gardama a kan ruwa.

Jirgin yana da anka, wato ƙarfe mai ƙahoni da ake jefawa ƙasan ruwa don ya tsayar da shi wuri ɗaya. Sarƙar ankan tsawonta gaba shida ne, tafkin kuma ya fi haka zurfi. Sai Kyaftin ya kwance ta daga jikin jirgin, ya samo wata tsohuwar sarƙa mai tsawo, ya kawo mana a haɗa.

"A maƙala kwaɗo a tsakani kawai," in ji shi. "Ina sauri."

Baban Ladi ya ce, "Ranka ya daɗe, kwaɗo na ƙofa ne. Wata biyu a ruwa zai ruɓe. Zobe zan ƙera."

Ga yadda ake yi. A yanko ƙarfe mai kaurin zoben sarƙar, kada ya fi, kada ya gaza. A lanƙwasa shi, a zura bakin sarƙoƙin biyu a ciki, a mayar wuta. A nan aikina yake. Ja bai isa ba, sai ƙarfe ya yi fari yana tartsatsi. A watsa masa yashi, a ciro da awartaki, a doke baki biyun su zama ɗaya. Idan mai zuga ta tsaya sosa kai, haɗi ya mutu. Da muka gama, aka ɗaura sarƙar a gindin mangwaro, wata motar itace ta ja. Mangwaron ne ya girgiza.

Baban Ladi ya ƙera wata kusa mai noti, ya miƙa masa. "Wannan ta ɗaya kan ce, a ɗaure a zoben da ke goshin jirgi. Ko in zo in sa da kaina?"

Kyaftin ya dube shi daga sama har ƙasa. "Bitrus, ka taɓa ganin teku?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To, tsaya a kan garma." Ya jefa kusar a aljihu.

Ranar Asabar aka yi bikin sa jirgi. Manya sun zo da matansu, an jera kujeru a bakin tafki, mu an bar mu mu tsaya a baya kusa da direbobi. Iska ta kai Kyaftin tsakiyar ruwa. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗaga anka don kowa ya gani, ya jefa. Sarƙa ta bi tana ƙara. Na ga zobenmu ya wuce, don shi kaɗai ne baƙi. Na ga sauran ta bi. Sai na ga wutsiyarta ta ɗaga sama ta shige ruwa ba ko sallama. Mutane suka tafa, sun ɗauka haka ake yi. Iska kuwa ta kwashi Kyaftin ta kai shi cikin ciyayin wancan gefe, aka ciro shi da taɓo har gwiwa.

Da ya iso, kalma huɗu ya faɗa: "Haɗin Bitrus ya tsinke."

Na buɗe baki, Baban Ladi ya riƙe hannuna. Ya ce, "Maman Ladi, wa zai ji mai zuga a gaban mai hula?"

Kafin kasuwa ta sake ci, maganar ta kai Madakiya. Damina na tafe, lokacin garma ne, amma manoma suna wuce rumfarmu suna gaishe mu daga nesa. Wani ma ya ce, "Baba, ka fara koyon ɗinkin ƙwarya, ita ba ta nutsewa." Maƙeri ba shi da gona sai sunansa. Kwana tara wutarmu a mace.

A rana ta goma ya ce, "Tashi ki yi zuga." Ya ƙera ƙugiyar ciro guga, amma mai girman da za ta ciro saniya. Muka ɗaure durom huɗu da katako, muka tura cikin tafkin, muka hau. Ni da ban iya iyo ba, shi ma haka. Yana jan igiya ina tuƙi da faranti, ina kiran sunan Yesu. Rana ta farko muka ciro taya. Ta biyu, reshen itace. A rana ta huɗu ƙugiya ta kama abu mai nauyi, direbobin motar yashi suka taya mu ja daga tudu.

Sarƙar ta fito gaba ɗayanta. Zobenmu na tsakiya kamar yau aka doke shi, wutsiya kuma lafiya lau, babu karaya, babu kusa.

Muka ɗora ta a amalanke, muka bi ta tsakiyar kasuwa a hankali, don kada wani ya ce bai gani ba. Muka shimfiɗa ta a ƙofar ofishin Kyaftin. Ya fito, ya bi ta da ido har ƙarshe.

Baban Ladi ya cire hula. "Ranka ya daɗe, a nuna mini inda ta tsinke in gyara."

Kyaftin ya yi gyaran murya. "Ni ban ce ta tsinke ba. Cewa na yi ta tafi."

"Gaskiya ne, Oga," na ce. "Ba ta taɓa ganin teku ba, shi ya sa ta tafi nema."

Masinjojinsa suka shige bayan ƙofa da dariya. Bai ba mu haƙuri ba, manya ba su san inda ake sayar da shi ba. Amma washegari garma bakwai na jiranmu. Ranar Lahadi bayan sujada matar Kyaftin ta damƙa mini wani abu a ƙulle cikin hankici, ta ce, "Mama, a aljihun wando na samu." Kusar ce, notinta ko juyawa ba a yi ba.

Abin da na koya ke nan: aikinku ba ya ƙarewa a inda kuka doka guduma. Ku tambayi inda za a ɗaure ɗaya kan, kuma idan mai abu ya sa farar hula, ku bi shi ku ɗaure da kanku.

Kusar tana cikin kwanon da nake ajiye ɗankunne. Haɗin Baban Ladi bai taɓa tsinkewa ba, ko ɗaya. Ni ce dai ya tafi ya bari ba a ɗaure ko'ina ba. Rifkatu, ajiye biron haka.