Baba Mai Gam, Wanda Ya Karanta Mana Takardar Bango

Ƙarfe bakwai na safe yake ɗaura gwangwanin gam a bayan kekensa, ya nufi ofishin tsara gari ya karɓi takardun sanarwa. Shekara talatin da ɗaya aikinsa ke nan, masinja mai manna takarda a bango. Baba Mai Gam muke ce masa. Sai dai ba ya manna abin da bai karanta ba, kuma kwanan wata yake fara dubawa.

Shekarar da aka ce sabon titi zai bi ta bayan unguwarmu, baƙin motoci suka dinga zarya, ana taya gidaje da tsada. Ba mu san dawan garin ba. Ran nan sai ga shi a bakin famfo yana buga gwangwani.

"Jama'a, an mayar da layinku wurin kasuwanci. Ma'ajiyar gas za a gina jikin makarantar yaranku. Kwana ashirin da ɗaya aka ba ku na kai ƙorafi, saura uku."

Wani mai wanki ya harare shi. "Baba, wa ya aiko ka? Ko tsorata mu za ka yi mu sayar da arha?"

Ni ma, in faɗi gaskiya, ɗan koren dillalai na ɗauke shi.

"Ɗana, zarge ni, ba laifi," in ji Baba. "Amma ka tambayi kanka, me ya sa takardar nan ta kwana goma sha takwas a aljihun tebur? Me ya sa aka ce in liƙa ta bayan banɗakin ofis?"

Nan muka farga. Ruwa ba ya tsami banza.

Washegari muka cika ofishin, kowa da ƙorafinsa a rubuce. An soke ma'ajiyar gas. Filin ƙwallon yara dai ya tafi, shaguna ne yanzu. Baba kuwa aka mayar da shi gadin ƙofa, kuma har yau ba wanda ya faɗi laifinsa.

Baba, kai ne idon unguwa. Kai ne ka sha harara daga mutanen da ka zo ceto, ba ka yi zuciya ba. Watan nan ka ajiye aiki, ba wanda ya kira taro dominka. Mun gode, ka yafe mana, Allah ya saka da alheri.

Ku kuma ma'aikatan da takarda ke bi ta hannunku, ku yi koyi da shi. Mu mazauna layi, duk wanda muka gani yana awo a ƙofar gidanmu, mu tsayar da shi mu tambaya. Baba ya tafi hutu, kuma ba mu san abin da ke kwance cikin sauran aljihunan teburin nan ba.