Giɓin da Aka Bari Kusa da Baba a Sahu

Ina cikin aji a Marwa, da alli a hannuna, ƙanwata Asma'u ta kira ni a waya. Muryarta kawai na ji na san ba lafiya. Ta ce, "Yaya, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kama motar Garwa, ina roƙon Allah ya sa in riski jana'iza.

Mahaifinmu, Dokta Hamadu, masanin ƙarfe ne. Ya yi shekaru a Turai yana nazarin abin da hasken nukiliya ke yi wa ƙarfe, hasken da mutanenmu ke kira rayo. Yakan ce ƙarfe ba dunƙule guda ba ne, ƙwayoyi ne manne da juna, da iyaka tsakanin kowace da 'yar'uwarta. Irin ƙarfen da Baba ya ƙware a kai, ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, don haka iyakokinsa suna da yawa. Idan rayo ya bugi zarrar da ke cikin ƙwayar ya tumɓuke ta daga mazauninta, iyakokin nan ne ke shanye ɓarnar. Sai dai in bugun ya daɗe, ƙwayoyin kan haɗiye juna su girma, iyakokin su ragu, ƙarfen ya rasa abin da ke kare shi. Aikin Baba shi ne neman yadda za a hana ƙwayoyin girma, ta hanyar gauraya ɗan wani ƙarfen daban.

Da ya dawo gida don ya koyar, sai magana ta zaga unguwa cewa rayo na jikinsa, wanda ya taɓa shi zai kwasa. Aka daina miƙa masa hannu. Mafi ciwo, a masallaci ana barin giɓi dama da hagunsa, ko da liman ya ce a haɗa kafaɗu. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake! Mutumin da aka haifa a unguwar nan, yana salla cikin jama'a kamar shi kaɗai.

Na ce masa, "Baba, mu tashi mu koma unguwar ma'aikata."

Ya ce, "A masallacin nan ubana ya yi salla. Ba ƙina suke yi ba, tsoro suke ji, kuma ba wanda ya yi musu bayani."

Sai ya ɗauki bayanin a kansa. Bayan la'asar yakan fito da hotunan da aka ɗauka da madubin ganin ƙananan abubuwa, na ƙarfe kafin rayo da bayansa, ya shimfiɗa a bakin tabarma. Yakan kaɗa sabulu a kwano ya nuna wa mutanen unguwa yadda manyan kumfa ke cinye ƙanana. Da fari daga nesa ake leƙe. Sannu a hankali aka matso.

Wanda ya fi kowa tsanantawa shi ne Alhaji Sali, mai sayar da atamfa, abokin Baba tun suna yara. Wata rana ya ce, "To Dokta, abin da ya sauya ƙarfe, yaya za a yi ya ƙyale mutum?"

Baba ya ce, "Ba ya ƙyalewa, Alhaji. Shi ya sa muke aiki a bayan bango mai kauri. Amma ba ya bin mutum gida. Da babur ya kayar da kai, ba hoton ƙashi aka yi maka a asibiti ba? Ɗan'uwan wannan hasken ne ya ratsa ƙafarka. Mu gudu mu bar ka ke nan?"

Majalisa ta ɓarke da dariya. Alhaji Sali ya sunkuyar da kai. Da aka tayar da sallar magariba, na ga ya ratso sahu da sandarsa, ya zo ya manna kafaɗarsa da ta Baba. Wani ya cike ɗaya ɓangaren. Ina bayansu, hawaye ya hana ni jin karatun liman. Baba bai taɓa tayar da zancen ba, ko a gida.

Daga nan iyaye suka fara turo masa 'ya'yansu. Yakan gaya musu, "Abin da ban gani a madubi ba, ba na faɗarsa." Cikinsu akwai waɗanda yanzu suke karatun ƙarfe, har da mata.

Na isa Garwa ana shirin yi masa wanka. Na tuɓe agogo zan shiga, sai Alhaji Sali, duk da tsufansa, ya tare ƙofa. Ya ce, "Ɗana, bar mini wannan, don Allah. Na daɗe ina hana shi hannuna." Shi ya wanke shi. Makarar kuwa, da ƙyar na sami wurin sa kafaɗa, ni da nake ɗansa.

Ya Allah, ka ji ƙan Baba, ka yafe kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa ilimin da ya bari ya riƙa kai masa lada. Ka bai wa Inna haƙuri, da Asma'u, da mu duka, da dattijon da ya wanke shi. Ka sa Aljanna ce makomarsa, cikin sahun bayinka na gari. Amin.