Sunan da Gwaggo Ta Ƙi Faɗa a Madina

Mun tashi da asuba daga Makka, jiki duk a mace da gajiyar Umra, muka kama hanyar Madina a bas. Titi sumul, amma babu abin kallo sai duwatsu da raƙuma jefi-jefi. 'Yan tawagarmu suka sheme da barci. Ni kam idona biyu, don ba ziyara kaɗai ta kawo ni ba. Ƙanwar mahaifina, Gwaggo, tana Madina tun tana amarya, kuma an aiko mini cewa shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita.

A kujerar gabana akwai Turawa biyu Musulmi, tun fitowarmu suke musu da Turanci a kan harsunansu. Ni kuwa tsohon malamin Hausa ne, in ana zancen harshe bakina ba ya iya shiru, sai na tsoma. Ɗaya ɗan ƙabilar Bask ne, daga iyakar Sifen da Faransa. Ya ce harshensu maraya ne, masana sun nemi danginsa har sun gaji. Ɗayan daga Siloveniya, ya ce nasu dangi gare shi rututu, har Rashanci ɗan'uwansa ne. Ɗan Bask ya ce a zamanin kakarsa dukan yara ake yi in sun yi harshen a makaranta, don haka ba ta koya wa babansa ba, shi ma sai da ya yi gemu ya shiga aji ya koya. Na Siloveniya ya ce su suna da kalma ta musamman ta "mu biyu", midva, dabam da "mu" ta taron jama'a. Ya ce tun da matarsa ta rasu bai ƙara furta ta ba. Daga nan musu ya mutu.

Da muka tsaya cin shinkafa da kaza, da shayi mai ɗan karen tsada, sai na hau cika baki. Na ce Hausa ta fi ƙarfin irin wannan kuka, daga Kano har Sudan ba ka neman tafinta. Allah ya yafe mini wannan baki nawa.

Washegari da hantsi, bayan na yi sallama ga Manzon Allah, ɗan Gwaggo na fari, Idris, ya zo ya ɗauke ni. Taubashina ne, haifaffen can, furfura ta cinye masa gemu. Na ce, "Balaraben bogi, har yanzu ba ka iya gaisuwa ba?" Ko murmushi bai yi ba. Yana jin Hausa, amma rabin amsarsa Larabci ce. Muna ratsa lungunan unguwar Harra ta Gabas, tsoffin gidaje a matse kan baƙin dutse, ya gaya mini abin da ke cinsa. Ciwon ya share Larabci daga bakin Gwaggo ƙaf, sai Hausar ƙauyenmu ta yarintarta. Tana kiran ƙannensa da jikoki da sunayensu, amma shi in ya shiga sai ta juya fuska ga bango.

"Wallahi, ya ibn khali, ɗan kawuna, ummi ta manta ni," in ji shi. "Ni kaɗai."

Na tarar da ita ta ƙanƙance a kan gado. Ina faɗin sunan mahaifina ta damƙe hannuna. Ta tambayi rijiyar da aka daɗe da cikewa, ta tambayi mutanen da ni na sa su a kabari. Ina cewa suna gaishe ki, hawaye na zubo mini. Sai Idris ya shigo da kofin zamzam. Nan take ta ja mayafi ta kawar da kai. Da ya fita ta jawo ni ta raɗa mini, "Wancan yana cin abinci kuwa? Na ga ya rame."

Na bi shi har matattakala. Na ce, "Kai, sakarai! Kunyar ɗan fari take yi maka." Bai taɓa jin wannan ba. A nan maƙwabta Ummu Idris suke kiranta, ita ma ta bi al'adar gari tana kiran sunansa gatsal. Yanzu da ta koma Hausarta, kunyar ta dawo tare da ita: a garinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido cikin ido. Na ce, "Da ta manta ka, da ta zuba maka ido kamar yadda take yi wa likita." Sai ga Idris, dattijo guda, ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro.

Na koya masa ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Ina wuni, Inna," kada ya jira ta dube shi. Sau uku ya gwada kafin bakinsa ya faɗa daidai. Da ya faɗa mata, ta amsa wa bango, "Lafiya lau. Allah ya yi albarka."

Sauran kwanakin an kai mu masallacin Ƙiblatain, an kai mu gonakin dabino a Al-Awali, amma hankalina na Harra. Ranar bankwana Gwaggo ta ce in gaida gida, na ce za su ji, duk da mun san ba za mu sake ganawa ba.

Mun sauka Kano lafiya. Abin da na koyo shi ne, yawan masu harshe ba ya hana shi mutuwa a cikin gida guda, kuma in zai tafi, ba kalmomi ne suke fara tafiya ba. Ban gama rabon dabino ba Idris ya bugo waya. Da Hausa ya yi magana tun daga farko har ƙarshe, yana tuntuɓe.

"Inna ta rasu da safe," ya ce. "Har ta cika ba ta faɗi sunana ba. Alhamdu lillahi."